Gaiwar da ke Cikin Katanga

Gamboru, Maiduguri
Ƙarshen watan Sha'aban

Zuwa ga Yayata Halimatu Sadiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kin isa Kano lafiya, kin tarar da Malam Mahmud da yara ƙalau. Yaya gwiwar taki? Na ga yadda kike dafa bango kafin ki miƙe lokacin da kika zo gaisuwa, don haka kada ki ce mini ba komai.

Kin ce in riƙa bugo miki waya. Tawa kin san ambaliyar bara ta tafi da ita. Ta maigidana, marigayi Malam, kuwa na kashe ta na tura ƙasan akwati, saboda har yanzu masu sayen kifi daga kudu suna bugowa suna nemansa, ni kuma na gaji da faɗin kalmar nan. Shi ya sa na koma takarda. Yoila, direban da ke kai bandar kifi Kano daga kasuwar Baga Road, ya ce zai riƙa miƙa miki. In kin ji takardar tana ƙarni, to kin san daga gida take.

Kin tambaye ni a bakin ƙofa yaya nake ji, ban ba ki amsa ba. Amsar ita ce ba na jin komai. Ina cin abinci, ina salla, ina barci har da minshari, in ji Ya Kaltum, tsohuwar maƙwabciyarmu da ke taya ni zaman takaba. Kullum sai ta zuba mini ido tana jiran hawaye. Kin san Hausarta, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinta. Sai ta ce, "Saude, ka yi kuka ka huta." Na gwada, Yaya. Na zauna na tuno fuskarsa, na tuno tarin da ya ci shi, na matse ido har kaina ya yi ciwo. Ko ɗigo bai fito ba. Mata masu zuwa gaisuwa sun fara cewa ina da tawakkali, ni kuwa na san ba shi ba ne.

Abin da nake yi da yini shi ne leƙen kududdufin Malam. Kin ga katangarmu ta baya da ruwa ya kayar, wadda muka tare da zana. Akwai wata ɓula a zanar daidai idon mai zaune, nan nake ajiye kujerata. Ba ki leƙa ba da kika zo, ban kuma yi miki tayi ba, don gidan cike yake da mutane.

Tun da muka gudo daga Doron Baga mutumin nan bai taɓa yarda ya rabu da bakin tafki ba. Shekarar da hanya ta ɗan buɗe, ya bi motocin kifi ya je, na sa rai zai dawo da abin kirki. Sai ga shi da bokiti biyu na baƙar laka da 'yan kifin gaiwa uku kamar yatsa a cikin galan. Na yi masa tsiya har na gaji. Ya juye su a ramin bayan gida inda ruwan damina ke taruwa, ya hana zuba shara, ya hana yara jifa. Damina biyu sai ga bado ya rufe ruwan, fari da shuɗi, irin namu sak. Ciyawar kachalla ta tsaya a gefe. Belbela suka fara sauka, zalɓe ɗaya ya mai da wurin nasa, har da ɗan jan tsuntsun nan mai dogayen yatsu da ke tafiya a kan ganye, wanda muke bi da gudu muna yara. 'Yan unguwa suka sa wa wurin suna Tafkin Chadin Malam Tahir, suna dariya, shi ma yana taya su.

Dokar Baba ya kafa a wurin, wadda kika sani. Ba a tsinkar bado yana fure, domin 'ya'yan kifi a ƙarƙashinsa suke ɓuya, in kuma ka haƙi saiwa don ci sai ka mayar da uwar cikin laka. Ko bayan ambaliya, da ruwa ya janye ya bar mana taɓo har gwiwa a ɗaki, kafin ya duba katifa sai da ya je ya duba bado.

Yanzu ruwan yana ja baya kullum. Furen ƙarshe ya buɗe shekaranjiya da safe, na kalle shi har ya rufe. Na san yana da kyau, kamar yadda na san sunana, amma ban ji komai ba.

Ki gai da kowa da kowa. Ki riƙa shafa man nan a gwiwa.

Ƙanwarki,
Saude

Gamboru, Maiduguri
Goman ƙarshe na azumi

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da ibada, da fatan kuna shan ruwa lafiya. Saƙonki ya iso, kuka da daddawa da takardar da Khairunnisa ta rubuta miki. Ki ce wa 'yar tawa rubutunta ya fi na uwarta. Allah ya saka da alheri.

Zafi a nan ba a magana. An yi sadakar arba'in lafiya. Abokan Malam na kasuwar kifi sun cika ƙofar gida, babbansu Alhaji Umara, wanda rumfarsa ke manne da tasa tun zuwanmu garin nan. Shi ya ba mu tabarma ta farko da muka kwanta a kai a Maiduguri, ba zan manta ba. Ɗan gari ne, haihuwar Mafoni. Ya yi shekara da shekaru yana sayar da kifin tafki, amma da bakinsa ya taɓa gaya wa Malam bai taɓa sa ƙafa a kwale-kwale ba.

Da aka shafa addu'a sai ya zagaya ya ga zanar baya. Ya aiko Ya Kaltum ta gaya mini wai abin kunya ne a gare su matar Tahir ta zauna iska tana ɗaga mata zana, kuma in damina ta zo ruwa ta nan zai sake shigowa. Wai bayan salla za su yi gayya su tayar da katangar. Na ce a yi masa godiya. Gaskiya ya faɗa. 'Yata Rumaisa'u ma ta daɗe tana yi mini wannan mita duk ran da ta zo daga gidan mijinta, tana cewa ba ta iya barci in ta tuna ni kaɗai a bayan zana.

Kududdufin ya ƙafe sarai. Ƙasan ya tsattsage ya yi fari, kachalla ta bushe, tsuntsaye sun koma bakin kogi. Ya Kaltum ta leƙa ta ce, "To, tafkin ma ya bi mai shi." Ke kin san ba haka ba ne, amma tun da kin daɗe a birni bari in tuna miki. Saiwar bado tana nan a ƙasa, a dunƙule kamar goriba, tana jiran ruwa. Gaiwa kuma in ta ga ruwa zai ƙare sai ta nutse cikin laka, ta naɗe jikinta ta lulluɓe da yauƙinta, ta bar 'yar ƙofa ƙarama da take shaƙar iska. Haka za ta kwana har damina, ba ci ba sha. Malam yakan durƙusa a kan busasshiyar lakar ya nuna mini ƙofofin da tsinke. Babbar cikinsu, wadda ta kai tsawon hannunsa, ya sa mata suna Hajiya, wai don ta fi kowa sanin hutu.

Saboda haka ne ma katangar ta kai yau ba a gyara ba. Ƙasa tana nan a bayan gida, taku kaɗan, amma ya ƙi taɓa ta, ya ce sai ya samu motar ƙasa daga wani wuri. Yana cikin nema ciwo ya kwantar da shi.

Kin yi zancen in dawo Kano in na fita takaba. Ban ƙi ba, ban kuma amsa ba. Yanzu ko zaɓen zanen da zan ɗaura wahala yake yi mini, sai Ya Kaltum ta miƙo.

Allah ya nuna mana salla lafiya. Ki gai da Malam Mahmud.

Taki,
Saude

Gamboru, Maiduguri
Bayan ƙaramar salla

Yaya Halima,

Assalamu alaikum. Barka da salla, da fatan kun yi ta lafiya, ke da iyali. Ni ma lafiya lau, jikina ba abin da ke damunsa.

An yi katanga.

Ranar Juma'a da sassafe suka zo, sun fi mutum ashirin, da diga da shebur da baro. Ina zaune ina jan carbi na ji salatinsu. Na jira in ji ƙarar motar ƙasa, ban ji ba. Abin da na ji shi ne diga tana faɗawa a bayan zana. Na leƙa ta ɓular nan na ga sun sauka cikin kududdufin, suna saran lakar suna ɗagowa gunduwa-gunduwa kamar an yanka sabulu. Murna suke yi wai ga ƙasa mai ƙarfi a kusa, ba sai an wahala ba.

Na miƙe na tsaya. Tsakanina da su zana ce kawai. Maza ne cike, ni kuma ina takaba, ko muryata ba a saba ji ba. Sai na kama hannun Ya Kaltum na ce ta je ta gaya wa Alhaji Umara don Allah su bari, kada su taɓa lakar nan, akwai rai a ciki. Ta dube ni kamar yadda ake duban mai zazzaɓi, ta yafa mayafi ta fita. Ina jin ta da kunnena. Ta ce, "Wushe, sannunku da aiki. Mai gida ta ce don Allah ku bari haka, kun wahala."

Kin san yadda ake yi. Duk wadda aka yi wa alheri sai ta ce a bari, masu yi kuma su ƙara himma. Alhaji Umara ya ɗaga murya yadda zan ji, ya ce a gaya mini kada in ji nauyin kowa, Tahir ɗan'uwansu ne, ko dutse ne za su fasa saboda shi. Sauran suka amsa da kabbara. Na sake tura ta, ta dawo ta ce ta faɗa, wai sun ce kunyata ta yi yawa. Ban san me ta faɗa ba a karo na biyu, ta yi da Barbarci.

Na koma na zauna. Da hantsi sai na ji ihu da dariya. Sun fasa wata gunduma sun tarar da gaiwa a naɗe, can kuma suka ƙara samun wata. Yara suka taru ana mamaki, kifi a busasshiyar ƙasa. Alhaji Umara ya hana kowa taɓawa, ya ce rabon mai takaba ne, Allah ne ya fito mata da shi. Aka miƙo su a kwano. Ɗaya digar ta raba ta biyu, ɗayar tana motsi a hankali. Ya Kaltum ta yi farfesu da su, ta sa yaji sosai, ta ajiye a gabana.

Na ci, Yaya. Gara in gaya miki da kaina. Tana tsaye a kaina tana murna yau zan ci abin kirki, na ɗauki cokali na cinye, har romon. Bai yi mini daɗi ba, bai kuma tsaya mini a wuya ba. Na wanke hannu na yi azahar.

Kafin la'asar sun gama. Sun jera gundumomin lakar sun yi gindi mai kauri har ƙugu, wai ko ambaliya ta dawo sai dai ta zagaya. Suka yaɓe ciki da waje sumul, suka kafa langa-langa a sama. Katanga ce mai kyau, duk unguwar babu irinta. Rumaisa'u ta zo ta shafa ta tana hawaye tana sa musu albarka. Ramin kuwa an kwashe shi tas har jan yashi.

Yanzu ba ɓular leƙe. Kujerata tana nan inda take, ina zama in kalli yaɓe. Abu ɗaya ne ke zagaya mini a kai kamar ƙuda. Gaiwa uku Malam ya kawo, biyu na gani a kwano, kuma babu babbar a ciki.

Ki yi mini addu'a. Ki gai da yara.

Saude

Gamboru, Maiduguri
Cikin watan Zulƙida

Zuwa ga Yayata abin ƙaunata,

Assalamu alaikum. Ina fata kina cikin ƙoshin lafiya, da maigidan da yaran. Na ji Zayyad ya ci jarrabawa, Allah ya sa albarka, ki ja masa kunne a madadina kada ya fara girman kai.

Takardarki ta same ni. Na ga kin yi faɗa, na kuma gane Rumaisa'u ta bugo miki ta ce ina kankare bango da cokali. Ba ƙarya ta yi ba. Ki zauna in gaya miki dalili, in ya so ki yanke ko na haukace.

Ramin an kwashe shi, ba a kuma zubar da ko gunduma ɗaya a wani wuri ba, na tambayi Ya Kaltum ta tabbatar. Ke nan duk abin da ke cikin lakar yana cikin katangata, saiwar bado da ƙwan kwaɗi da irin kachalla, da Hajiya in tana da sauran kwana. Ƙofar da take shaƙar iska kuwa sun toshe ta da yaɓe. Shi ya sa nake bin tsakanin gundumomin ina kankare yaɓen ta ciki, ina zura tsinken tsintsiya, ko iska za ta samu hanya. Wani lokaci nakan manna kunne. Ba na jin komai sai zafin bango. Ban ce tana raye ba. Ban sani ba ne, kuma rashin sanin ne ya hana ni zama.

Ga abin da zai faru in na bari. Ruwan farko zai jiƙa katangar. In tana da rai za ta ji danshi ta farka, ta fasa ta fito, ta faɗo a tsakar gida ko a lungu inda babu ruwa, kaji da yara su gama da ita. Saiwar bado za ta tsiro a jikin bango, rana ta ƙone ta. Ramin zai cika da ruwa, amma ruwa ne kawai, na sauro. Doron Baga kuwa kin san ba wurin da zan je in ɗebo wata lakar ba ne, mai zuwa ɗin ya tafi.

In kuma na rushe, kin san me na rushe. Mutum ashirin sun bar kasuwarsu sun yi mini sutura saboda Allah da mijina. Alhaji Umara ya sa bakinsa da sunansa. Matar da ta fasa wannan da hannunta, da wane ido za ta dubi unguwa? Rumaisa'u ta ce in na yi haka na zubar mata da mutunci a gidan surukai. Ta ce, "Umma, kifi ne fa. Baba da kansa kifi yake sayarwa kwali-kwali." Gaskiyarta. Na rasa yadda zan yi mata bayani, don a garin nan ta yi wayo, tafki a bakinmu kawai ta san shi. Ke ce kaɗai za ki tuna safiyar da muke shiga ruwa har ƙirji, bado ya buɗe ko'ina har inda ido ya tsaya, tsuntsayen kirinjijiya suna tashi garke-garke, Baba yana daka mana tsawa daga kwale-kwale kada mu tsinka.

Kin ce an gyara mini ɗaki a gidanki, har an shimfiɗa leda. Na gode, Yaya, Allah ya bar zumunci. Wallahi da sauƙi in kulle ƙofa in hau motar Yoila, ruwa ya zo ya yi abin da zai yi ba a gabana ba. Wasu ranakun har na fara naɗe kaya.

Ba zan ce miki ina baƙin ciki ba, don har yanzu zuciyata shiru take kamar ɗakin da aka kwashe. Sai dai in hadari ya taso daga gabas, nakan ajiye komai in koma gindin katangar. Ya taso sau biyu ya watse. Takabata za ta cika bayan layya da kaɗan. Ina roƙon Allah ya riƙe ruwan nan har lokacin, ni da duk garin ke roƙon ya sauko.

Ki gaishe mini da Malam Mahmud ƙwarai.

Ƙanwarki,
Saude

Gamboru, Maiduguri
Bayan babbar salla

Yayata Halima,

Assalamu alaikum. Barka da shan ruwan damina, in ya iso ku. Da fatan kun yi layya lafiya, gwiwa kuma ta yi sauƙi. Ki yi haƙuri da wannan rubutu, hannuna duk kanta ne.

Na fita takaba ranar Talata. Aka yi wanka, na ɗaura atamfar da kika aiko, Ya Kaltum ta turara ni da turaren wuta har na yi tari. Aka ce in fara zagayen godiya. Na hau keke na ce a kai ni kasuwar Baga Road.

Rabona da ƙarnin wurin nan tun Malam yana da ƙafa. Rumfarsa wani yaro ne a ciki yanzu, ban tsaya ba. Na durƙusa a gaban Alhaji Umara na yi masa godiya yadda ta kamata, ya yi ta sa albarka. Sannan na gaya masa zan rushe katangar, na kuma gaya masa dalili tun daga bokiti biyu. Ya saurara har ƙarshe, mutumin kirki ne. Ya daɗe yana juya wani busasshen tarwaɗa a hannu. Ya ce me ya sa ban faɗa ba ranar. Na ce na aika sau biyu. Can ya ce gidana ne, katangata ce, amma shi ba zai iya sake tara mutane ba, kuma kada in sa ya ji a bakin wani cewa aikinsu ne bai yi ba. Bai dube ni ba har na tashi. Na san na rasa wani abu a wurin nan wanda ba zai dawo kamar da ba.

Washegari da asuba gabas ta yi baƙi ƙirin. Na tuɓe atamfarki na ɗaura tsohon zane, na ɗauki taɓarya. Langa-langar na fara turewa, ta faɗi da ƙara har maƙwabta suka fito. Ban fasa gundumomin ba, tsakaninsu nake bi ina ɓanɓarowa, in ɗora a baho in kai rami in jera, in dawo. Mutane suka tsaya a lungu suna kallo. Na ji wata tana cewa takaba ce ta taɓa ni, wani ya ce a kira Rumaisa'u. Ba wanda ya hana ni, ba wanda ya taya ni. Ya Kaltum ta zauna a kujerata ta rafka tagumi tana ta magana da Barbarci, na san ba yabo ba ne.

Saiwar bado na yi ta gani a jikin lakar, baƙaƙe, wasu diga ta yanke, wasu lafiya lau. Na mayar da kowace. Iska ta taso, yayyafi ya fara, ni kuwa saura layin ƙasa. A kusurwa, daidai inda nake zura tsinke, na juya wata babbar gunduma na ga 'yar ƙofa. Na kankare gefenta da farce, sai ga wani abu kamar busasshen ganyen masara a naɗe.

Ban kai ta rami ba, don ba ruwa tukuna. Na sa gundumar a bahon wanka na juye mata randa guda. Na tsuguna. Ruwan sama ya sauko da ƙarfi, masu kallo suka watse, ni ina nan. Lakar ta jiƙe ta fara narkewa, ruwan bahon ya yi baƙi. Ba motsi. Na ce a raina to shi ke nan, na rushe suturata a kan gawa, kuma ko wannan ban ji zafinsa ba.

Sai kumfa ta taso, ɗaya, sannan wata. Lakar ta tsage, kai ya fito. Ta rame, Yaya, ta yi baƙi ta yamushe, amma ita ce, ga tabon nan a gefen wuya inda zalɓe ya taɓa saranta. Ta ɗago baki sama ta ja iska, ta yi ɗan kukan nan nasu, siriri kamar na jariri sabon haihuwa. Kin san shi.

Na ɗauki bahon, ban san inda na samu ƙarfin ba. Ruwa ya riga ya taru a ramin har idon sawu. Na karkata bahon a hankali ta zame, ta shige ƙarƙashin laka ba ko waiwaye. Na juya don in ce wa Malam ga Hajiyarka ta tashi. Wallahi har na buɗe baki. Babu kowa a wurin sai kachalla busasshiya da ruwa yana dukanta.

A nan abin ya zo. Na rarrafo na shigo ta inda katangar take da, na zube a tsakar gida cikin taɓo. Ban san ina da irin wannan murya ba. Na kira sunansa, sunan da ban taɓa faɗa ba tun ranar da aka kai ni ɗakinsa, na yi ta kira. Gidan a buɗe yake, duk mai wucewa ta lungu zai gan ni. Ya Kaltum ba ta ce mini in yi haƙuri ba. Ta tashi da tsufanta ta cire mayafinta, ta je ta tsaya a gurbin katangar ta ba ni baya, ta ware shi da hannu biyu cikin ruwan sama. Haka ta tsaya har na gama.

Yau kwaɗi sun hana unguwa sakat, zalɓen ma ya dawo ya tsaya da ƙafa ɗaya kamar bai taɓa tafiya ba. Bado ban sani ba tukuna, sai ruwa ya zauna. Rumaisa'u ba ta zo ba, ba ta kuma aiko ba. Mun mayar da tsohuwar zanar, ɓular tana nan inda take.

Ki ba Khairunnisa ɗakin nan, Yaya, ta daɗe tana so. Ba zan zo ba bana. Ina kewarsa ƙwarai, safe da yamma, har ƙirjina yana ciwo, kuma Ya Kaltum ta fara cewa kukan ya isa haka.

Ki gai da Malam Mahmud da yara. In gwiwa ta bar ki, ki zo wajen tsakiyar damina, ki zo da zanen da ba kya jin tausayinsa.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Saude